Brian Tobin da rikicin kifin turbot: ɗan siyasar lardi a fagen diflomasiyya

Malam, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce ka ci karo da sunan Brian Tobin a darasin dokar teku, kana so ka san ko wane ne shi da yadda ya yi rayuwarsa ta siyasa, sannan kana tambaya ko ya dace a kira mutumin da ya ba da umarnin kama jirgin wata ƙasa a tsakiyar teku ɗan diflomasiyya. Kashi na farko ba shi da wuya. Na biyun shi ne mai nauyi, kuma ba zai amsu ba sai an fahimci ƙasar da ta haife shi da masifar da ta auka mata shekara guda kafin ya zama minista.

An haifi Tobin ranar 21 ga Oktoba, 1954, a garin Stephenville da ke yammacin tsibirin Newfoundland, shekara biyar kacal bayan tsibirin ya shiga tarayyar Kanada a 1949. Ya karanci kimiyyar siyasa a Jami'ar Memorial da ke St. John's, babban birnin lardin, ya taɓa aikin karanta labarai a gidan talabijin na ɗan lokaci, daga nan ya koma hadimin 'yan siyasar jam'iyyar Liberal. Ina roƙonka ka riƙe wannan batu na talabijin, domin duk abin da ya yi fice da shi daga baya yana da alaƙa da sanin abin da kyamara take so. A 1980, yana ɗan shekara 25, aka zaɓe shi ɗan majalisar tarayya mai wakiltar wata mazaɓa ta yammacin tsibirin. Lokacin da Brian Mulroney ya yi wa jam'iyyarsu kaca-kaca a zaɓen 1984, har ta tsira da kujeru 40 kawai, Tobin yana cikin matasa huɗu, tare da Sheila Copps da Don Boudria da John Nunziata, da suka hana gwamnati sakat a zauren majalisa da hayaniya da tambayoyi masu zafi. A can ya koyi fitar da magana guda wadda jaridu za su ɗauka washegari. Da Jean Chrétien ya kafa gwamnati a Nuwamba 1993, sai ya ba shi ma'aikatar kamun kifi da tekuna, wadda a lokacin babu ɗan siyasar da yake kwaɗayinta.

Dalilin gudun ma'aikatar shi ne kifin kod. Wannan kifi ba baƙo ba ne a kasuwanninmu, domin busasshensa da ake shigowa da shi daga Norway shi ne ake kira okporoko ko panla a kudancin Najeriya. Tun bayan zuwan John Cabot a 1497, jiragen Turawa suke tsallaka Tekun Atalantika zuwa Grand Banks, wani faffaɗan tudu na ƙarƙashin teku da ke kudu maso gabashin tsibirin, inda ruwan sanyi daga arewa yake haɗuwa da ruwan ɗumi daga kudu, abincin kifi ya yawaita. Kusan shekara ɗari biyar ƙauyukan gaɓar Newfoundland ba su san wata sana'a ba. Da manyan jirage masu masana'antar sarrafa kifi a cikinsu suka iso bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamun kod na arewa ya kai kimanin tan 810,000 a shekarar 1968 kaɗai, kuma daga nan bai sake komawa yadda yake ba. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta na kamun kifi zuwa mil 200 daga gaɓa, ta kori yawancin jiragen waje, amma maimakon ta bar kifin ya huta, sai ta cike gurbin da nata manyan jiragen. Masunta masu ƙananan kwale-kwale sun yi ta kuka tun tsakiyar shekarun 1980 cewa kifin yana raguwa kuma yana ƙanƙancewa, ƙididdigar masana kimiyya na gwamnati kuwa tana nuna cewa lafiya lau.

Ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan lokacin, John Crosbie, wanda shi ma ɗan Newfoundland ne, ya sanar da dakatar da kamun kod na arewa a wani otal da ke St. John's, yayin da fusatattun masunta suke dukan ƙofar ɗakin taron daga waje suna neman ɓalle ta. Kimanin mutum 30,000 suka wayi gari babu aiki a lardin da jama'arsa ba su kai 600,000 ba, kuma tallafin farko da aka yi musu tayi dalar Kanada 225 ce a mako. An ce dakatarwar ta shekara biyu ce. Wannan ne gadon da Tobin ya tarar, kuma waɗanda abin ya shafa su ne mutanen da suka zaɓe shi.

Yanzu sai mu zo ga inda doka ta bar giɓi, domin a nan ne darasinka ya haɗu da labarin. Layin mil 200 bai rufe Grand Banks duka ba. Akwai sassa biyu da suka leƙa waje, waɗanda masunta suke kira Hanci da Wutsiya, sai kuma wani tudu dabam can gaba mai suna Flemish Cap. Kifi bai san layi ba, yana shiga yana fita, saboda haka wanda aka hana kamawa a ciki ana iya tare shi a waje. Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ta ambaci irin wannan kifi mai ƙetare iyaka a sashe na 63, amma iyakar abin da ta ce shi ne ƙasashen da abin ya shafa su nemi fahimtar juna. A wajen layin, babu mai ikon hukunta jirgi sai ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Akwai ƙungiyar NAFO da aka kafa a 1979 domin raba kason kamu a arewa maso yammacin Atalantika, sai dai tsarinta ya ba kowace ƙasa damar ta ce ba ta yarda da kason da aka ba ta ba, ta yanka wa kanta wanda take so, kuma Tarayyar Turai ta yi amfani da wannan dama sau da yawa bayan shigar Sifaniya da Fotugal cikinta a 1986. Wani abin da ya ƙara matsin ya faru ne a nan Afirka: da Namibiya ta sami 'yancin kai a 1990, ta rufe ruwanta ga jiragen waje, har ta kama wasu jiragen Sifaniya, sai da yawa daga cikin jiragen yankin Galisiya na Sifaniya suka karkata zuwa Grand Banks suna neman wani kifi mai faɗi da ke zama a ruwa mai zurfi, wanda 'yan Kanada suke kira turbot. Shi ne kusan kifi na ƙarshe mai daraja da ya rage a wurin.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne cewa kama jirgin da aka yi a 1995 ba aikin fushin rana ɗaya ba ne, an yi masa shimfiɗa ta shari'a tun wata goma kafin nan. A Mayu 1994 majalisar Kanada ta gyara dokar kare kifin gaɓar teku ta yadda jami'anta za su iya kama jirage a wajen mil 200, kuma a cikin kwanakin nan ne, ranar 10 ga Mayu, gwamnati ta sanar da Kotun Duniya da ke Hague cewa ta janye amincewarta da hurumin kotun a kan duk wata taƙaddama da ta shafi matakan kare kifi a yankin NAFO. Wanda ya toshe ƙofar kotu kafin ya aikata abu ya san cewa abin da zai aikata ba lalle ya tsaya a gaban alƙali ba. A wannan shekarar kuma Tobin ya gwada irin salon a gaɓar yamma, inda ya ɗora wa jiragen kamun kifi na Amurka kuɗin wucewa dala 1,500 a kan hanyarsu ta zuwa Alaska, domin ya tilasta wa Washington komawa teburin shawara kan kifin salmon.

A Satumba 1994 NAFO ta ƙayyade kamun turbot na 1995 a kan tan 27,000. Da aka zo rabo a farkon Fabrairu, Kanada ta sami tan 16,300, aka bar wa Tarayyar Turai tan 3,400, alhali jiragenta ne suke kama mafi yawan kifin a shekarun baya. Turai ta ƙi, ta yanka wa kanta tan 18,630. A farkon Maris Kanada ta sanya sunan Sifaniya da Fotugal cikin ƙasashen da sabuwar dokar ta hau kansu, kuma ranar 9 ga Maris jiragen sintirinta suka tunkari wani jirgin Sifaniya mai suna Estai daga tashar Vigo, a nisan kimanin mil 245 daga gaɓa. Ma'aikatan Estai suka yanke tarunsu suka bar shi ya nutse, suka gudu, aka bi su na tsawon sa'o'i cikin hazo, har sai da jirgin sintiri Cape Roger ya yi harbin gargaɗi da bindiga mai sarrafa kanta ta gaban hancin jirgin kafin ya tsaya. Aka kai shi St. John's, inda dubban mutane suka yi dafifi a bakin tashar. Kwamishinar kamun kifi ta Tarayyar Turai, Emma Bonino, ta kira abin fashin teku, Sifaniya ta tura jiragen sintirin sojan ruwanta, ta kuma ƙaƙaba wa 'yan Kanada biza. Ƙasashe biyu ne na ƙawancen NATO, amma sai da aka kai matakin da jiragen yaƙinsu suke kallon juna.

Idan aka tsaya a nan, Kanada ce mai laifi a idon doka, kuma ni a karatuna na dokar yadda take a wancan lokaci, hujjar Sifaniya ta fi ƙarfi: babu wani tanadi da ya ba ƙasar gaɓa damar hawa jirgin wata ƙasa da ƙarfin bindiga a ruwan da ba na kowa ba. Gwanintar Tobin ita ce ya sauya tambayar da duniya take yi. Ya sa aka nemo tarun da aka yanke daga ƙasan teku, aka auna idonsa, Kanada ta ce milimita 115 ne alhali ƙa'idar NAFO ita ce 130, kuma an yi masa shafi da wata raga daga ciki mai ido milimita 80. Duk wanda ya taɓa zama da masunta ya san ma'anar wannan: raga mai ƙaramin ido ba ta barin 'ya'yan kifi su zurare, tana kwashe na bana da na baɗi gaba ɗaya. Kanada ta kuma yi zargin cewa an sami littattafan lissafi iri biyu da wani ɓoyayyen ɗaki a cikin jirgin, zarge-zargen da ɓangaren Sifaniya ya musanta.

A ƙarshen Maris ana zaman taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kifi mai ƙetare iyaka a New York. Tobin ya sa aka kai tarun can, aka rataye shi da injin ɗaga kaya a kan wani jirgin dako a kogin da ke fuskantar ginin majalisar, ya tsaya a gabansa yana ɗaga wa 'yan jarida ɗan kifin da bai wuce tafin hannu ba. A nan ya yi maganar da aka fi tunawa da shi a kanta, inda ya kwatanta turbot na ƙarshe, shi kaɗai, marar kyan gani, wanda ba mai ƙaunarsa, yana maƙale da Grand Banks da faratansa. Kifi ba shi da farce, kuma masu sukarsa ba su bar wannan ya wuce ba, amma gani ya kori ji. Wakilan ƙasashen da suka shekara biyu suna jayayya kan kalmomi a cikin ɗakin taro sun ga abin da ake magana a kai yana lilo a bakin tagarsu. Masuntan Cornwall a Ingila da na Ireland, waɗanda su ma suke da tsohuwar jiƙaƙƙa da jiragen Sifaniya, suka ɗaga tutar Kanada a jiragensu, gwamnatin Birtaniya kuma ta ƙi goyon bayan sanya wa Kanada takunkumi, wanda hakan ya raba kan Tarayyar Turai a daidai lokacin da take buƙatar murya ɗaya.

An cimma sulhu a tsakiyar Afrilu, kuma a cikin sharuɗɗansa ne za ka ga abin da Tobin yake nema tun farko. Kanada ta rage kasonta zuwa kimanin tan 10,000, aka ƙara wa Turai nata, aka janye tuhumar da ake yi wa jirgin da kyaftin ɗinsa, aka mayar da belin dala 500,000 da aka karɓa, aka cire sunan Sifaniya da Fotugal daga dokar. A madadin haka Turai ta amince a sa mai sa ido mai zaman kansa a cikin kowane jirgi da ke kamu a yankin, a fara bin sawun jirage ta tauraron ɗan'adam, a kuma tsananta bincike a tashoshi. Wato ya sayar da kifi ya sayi sa ido. A ganina cinikin ya yi kyau, domin kaso a takarda ba shi da amfani idan babu wanda yake ƙirga abin da ake jawowa daga ruwa.

Wata huɗu bayan haka, ranar 4 ga Agusta, 1995, taron New York ƙarƙashin jagorancin Satya Nandan na Fiji ya amince da yarjejeniyar kifi mai ƙetare iyaka, wadda ta fara aiki a Disamba 2001. Sashe na 21 da na 22 nata sun ba ƙasar da ke cikin ƙungiyar yanki damar hawa da binciken jirgin wata ƙasar da ta shiga yarjejeniyar, ko da a wajen mil 200 ne. Bai kamata a ba Tobin ladan yarjejeniyar duka ba, domin an fara tattaunawar tun 1993 bisa shawarar taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Rio a 1992, kuma jami'an Kanada da na wasu ƙasashen gaɓa sun daɗe suna aikin kafin zuwansa. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne rikicin Estai ya nuna wa ƙasashe masu jiragen nesa abin da zai riƙa faruwa idan aka tashi taron babu matsaya. Ƙarar da Sifaniya ta shigar kuwa, Kotun Duniya ta yanke ranar 4 ga Disamba, 1998 cewa ba ta da hurumin sauraronta saboda janyewar nan ta 1994, don haka kotun ba ta taɓa cewa kamun halal ne ko haram ba.

To, ɗan diflomasiyya ne? Bai taɓa riƙe muƙamin jakada ba, kuma jakadun Kanada na ainihi su ne suka yi ta ɗinke ɓarakar da ya bari a Brussels da Madrid. Amma idan diflomasiyya tana nufin sa wata ƙasa ta amince da abin da ta ƙi jiya, ba tare da an zubar da jini ba, to ya yi ta, sai dai da kayan aikin ɗan siyasar mazaɓa: ya san abin da ke ci wa mutanensa tuwo a ƙwarya, ya san yadda ake haɗa taro, ya kuma san inda zai tsaya ya karɓi tayi. Ya yi caca da rayukan mutane a teku mai sanyi, kuma da harsashi ɗaya ya kauce ya sami wani matuƙi, da wani labarin ake bayarwa yau.

Akwai kuma abin da nake riƙe da shi a kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jiragen waje sun yi ɓarna, babu shakka, amma rushewar kod na arewa bayan 1977 ta faru ne galibi a cikin ruwan da Kanada take iko da shi, ƙarƙashin kason da ma'aikatar da Tobin ya gada ta yanka. Nuna yatsa ga Sifaniya ya ba mutanen lardin abokin gaba mai fuska da tuta, ya kuma ɗage wa gwamnatin tarayya da ke Ottawa tambayoyi masu wuya. Haka ma a ƙarshen 1995 ya ƙara yawan dabbobin ruwan nan da ake kira sil da aka halatta kashewa zuwa 250,000, bisa hujjar cewa suna cinye kod, hujjar da masana da yawa suka ce an zuzuta ta. Shirin tallafin dala biliyan 1.9 da aka ƙaddamar a zamaninsa a 1994 ya ciyar da iyalai, amma bai rage yawan masu dogaro da kifin yadda aka tsara ba, kuɗin kuma suka ƙare kafin wa'adinsu.

Sauran rayuwarsa ta siyasa ta tafi ne a kan farin jinin da rikicin ya jawo masa. A Oktoba 1995 yana cikin jagororin babban gangamin da aka yi a Montreal kwana uku kafin ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar Quebec, wadda masu son zama a Kanada suka ci da ƙyar. A Janairu 1996 ya bar Ottawa ya gaji Clyde Wells a matsayin firimiyan Newfoundland, ya ci zaɓe a watan da ya biyo baya, ya sake ci a 1999. Aikin da ya fi daɗewa daga mulkinsa shi ne ƙuri'ar Satumba 1997, inda kimanin kashi 73 cikin ɗari suka amince a karɓe makarantun gwamnati daga hannun majami'u, waɗanda suke tafiyar da su tun kafin shiga tarayya. Salon da ya yi wa Sifaniya shi ya yi wa kamfanin Inco a kan ma'adinin nikel na Voisey's Bay da ke Labrador, inda ya ce ko cokali ɗaya ba zai fita daga lardin ba sai an gina masana'antar tacewa a cikinsa. A nan dabarar ba ta ci nan take ba, domin aikin ya tsaya cak, sai a 2002 Roger Grimes, wanda ya zama firimiya bayan tafiyarsa, ya sa hannu a yarjejeniya. A Oktoba 2000, duk da bai kai rabin wa'adinsa na biyu ba, ya koma Ottawa ya zama ministan masana'antu, abin da ya ɓata wa masu zaɓensa da yawa rai, kuma kowa ya ɗauka kujerar Chrétien yake hari. A Janairu 2002 ya ajiye siyasa ba zato ba tsammani yana da shekara 47, ya shiga harkar kamfanoni da banki a Toronto.

Lardin da ya bari ya rasa kusan kashi goma cikin ɗari na jama'arsa tsakanin ƙidayar 1991 da ta 2001, yawancinsu matasan ƙauyukan gaɓa da suka tafi neman aiki a Ontario da Alberta. Waɗanda suka zauna sun koma kamun ƙaguwa da jatan lande, lardin kuma ya jingina da man fetur na teku bayan rijiyar Hibernia ta fara aiki a 1997. Dakatarwar da Crosbie ya ce ta shekara biyu ce ba a ɗage ta ba sai a Yuni 2024, da kason tan 18,000.